Inji Ya Zo a Mota, Saninsa Fa? Waiwaye Kan Noman Ranin Auyo



Idan aka ce masana'anta, hankali yakan tafi Sharaɗa ko Bompai a Kano. Mu a ƙasar Haɗejiya, abin da ya fi kama da masana'anta shi ne aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo: ga madatsar ruwa da ƙofofin ƙarfe, ga kanal, ga injiniyoyi da ofis, ga dubban manoma. Tarihinsa muke so mu bi, don mu ga yadda sanin fasaha yake zama a hannun mutane, da yadda yake kuɓuce musu.

Kafin zuwan dam, da jigo kakanninmu suke ban ruwa. Sun kuma san lokacin da kogi zai malale fadama da lokacin da zai janye, da shi suke auna shukar shinkafa. Babu wanda ya rubuta wannan, a gona ake gadonsa.

A 1974 aka kammala dam ɗin Tiga. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, cikinsu har da ta Haɗejiya da Jama'are, wadda aikin Auyo yake ƙarƙashinta. An tsara zangon farko ya ci hekta 12,500. Aka fara gini a farkon shekarun 1980, kuɗin man fetur suka ja baya, aiki ya tsaya. Sai a shekarun 1990 ruwa ya fara gudana, shi ma a wani ɓangare kawai.

A ganinmu, wannan tsaikon ya ci abin da ya fi kuɗi. Masu zane daban, masu gini daban, waɗanda za su gudanar da aikin kuma daban. Duk shekarar da ta wuce, wani wanda ya san dalilin da ya sa aka yi ƙofa kaza a wuri kaza ya yi ritaya ko an yi masa canjin wurin aiki. Abin da ya rage sai taswira da rahotanni da Turanci. Manomin da ruwan zai shiga gonarsa bai taɓa ganinsu ba, don haka a idonsa kanal kayan gwamnati ne: in ya toshe, a jira gwamnati.

A daidai wannan lokacin wata fasahar ta shigo ba tare da biki ba, wato ƙaramin injin ban ruwa. Hukumar KNARDA ta tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta kafin 1991, ta yaɗa shi a fadamu tare da ƙananan rijiyoyin burtsatse, kuma hana shigo da alkama da aka yi a 1987 ya ƙara masa kasuwa. Shi ma daga waje ya zo. Amma injin da mutum ɗaya zai saɓa a babur, in ya ƙi tashi, akwai bakanike a kasuwa. Bakaniken nan ya kwance shi, ya ga filogi da ringi da idonsa, yaransa suna tsaye suna miƙa sufana. Cikin 'yan shekaru jigo ya zama labari. Babu taron bita da aka yi wa waɗannan yaran, amma sanin ya zauna, saboda akwai wanda abincinsa ya dogara da shi.

Kogin kansa ya sauya hali. Bayan Tiga, sai ga dam ɗin Challawa a 1992. Ruwan da ake sakowa rani da damina ya hana hanyoyin ruwa bushewa, kacala ta samu wurin zama, ta toshe su. Lissafin ambaliya na kakanninmu ya daina aiki kafin a samu wanda zai tattara shi. Mu 'yan Auyo bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tunda harshen Auyokawa ma haka ya tafi, yau babu mai magana da shi.

Gyaran da aka kawo daga baya ya nuna an gane inda gizo ke saƙar. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kimanin dala miliyan 495, wanda ya haɗa da Bakolori da Kadawa da Dadin Kowa da Auyo. An gyara kanal, an faɗaɗa filin, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar da sama da hekta 5,000 a Janairun 2023. Abin da ya fi jan hankalinmu a shirin shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. An miƙa musu kula da ƙananan magudanai da karɓar kuɗin ruwa, an koya musu rabon ruwa da ajiye lissafi, hukuma ta riƙe madatsa da babban kanal.

To, shugabannin ƙungiya zaɓensu ake yi, wa'adi kuma yana ƙarewa. Wanda aka horar bana, nan da 'yan shekaru wani ne a kujerarsa. Littafin rabon ruwa, da ranar yashe kanal, da yawan buɗin da za a yi wa ƙofa a watan da alkama ke fitar da kai, duk ana bukatarsu a rubuce da Hausar da sakataren ƙungiya a Gamsarka zai karanta wa manoma bayan la'asar su gane. Wannan rubutun bai fi ƙarfin 'yan zauren nan ba, in za mu je bakin kanal mu zauna da masu buɗe ƙofofin tun suna nan.