Mai Sayar Da Kifin Da Ya Koyar Da Zakarun Sinuka

Duk wanda ya zaga zangon nan da yamma ya san teburin sinuka, inda samari ke layi da sanda a hannu. Wasan dai ba na jiya ba ne. Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro shi a garin Jabalpur na ƙasar Indiya wajen 1875, aka fara gasarsa ta duniya a 1927. Joe Davis ne ya cinye ta farko, bai kuma saki kambun ba har 1946. Littattafansa suka zama abin bi: yadda ya ce a tsaya, haka kowa ke tsayawa.

Sai ga Frank Callan, mutumin Fleetwood, wani garin masunta a Ingila. Sana'arsa sayar da kifi. Bai taɓa zama zakaran duniya ba, amma Allah ya ba shi ido. Shi a ganinsa ba tsayuwa ɗaya ce ta dace da kowa ba, tunda tsawo da hannu da gani ba ɗaya ba ne. Sai ya zauna ya kalli yadda ɗan wasa ke ja da sanda da inda idonsa yake lokacin bugu, sannan ya gyara masa nasa ciwon.

Labarin Doug Mountjoy ya ishe mu misali. Mutumin Wales ne, tsohon mai haƙar kwal. Ya ci gasar Birtaniya a 1978, ya kai wasan ƙarshe na duniya a 1981. Daga nan hannu ya fara guduwa, har ya faɗo na 24 a jerin gwanaye, ana cewa tasa ta ƙare. Bai ji kunya ba, ya je wurin Callan suka sake gini tun daga tushe. A 1988, yana da shekara 46, ya doke matashi Stephen Hendry 16 da 12 ya sake ɗaukar kofin Birtaniya. A Janairun 1989 ya ƙara wani kofin.

Shi ma Hendry ɗin ranarsa ta zo. A 1998 aka yi masa 9 da nema a wannan gasa, alhali sau 6 yana cin kofin duniya. Ya nemi Callan, a 1999 ya ɗauki na 7. Callan ya rasu a 2016.

To jama'a, me ya kawo wannan tarihi? Yau yaranmu a waya suke koyon komai, daga sinuka har ɗinki da gyaran babur. Waya tana nuna maka yadda gwani ke yi, amma ba ta ganin kuskurenka, kai kuwa sai ka shekara kana maimaita shi. Zangon nan ba haka aka gina shi ba. Dillancin shanu da fawa da cinikin goro duk a gaban maigida aka koye su, yana kallo yana cewa "a'a, ba haka ba."

Masu wannan ido suna nan cikinmu, sai dai suna ta tsufa, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Samari, ku je ku zauna da su tun suna da rai. Dattawa kuma, in yaro ya zo da tambaya, a ba shi lokaci.