Tarihin Rikiɗar Siffa a Zanen Kwamfuta

Tun kafin a san kwamfuta, ma'abota zanen majigi sun daɗe da muradin ganin siffa ta rikiɗe ta koma wata a gaban idon mai kallo. A shekarar 1908 wani Bafaranshe, Émile Cohl, ya fito da gajeren fim mai suna Fantasmagorie, wanda ya zana da hannunsa, takarda bayan takarda har kimanin 700, inda kwalba ke komawa fure, furen kuma ya koma giwa.

Sauƙin wannan wahala ya ɓullo ne daga inda ba a yi zato ba, wato masana'antar motoci ta Faransa, inda Paul de Casteljau na Citroën a 1959, da Pierre Bézier na Renault bayansa, suka fitar da ƙa'idar lissafi wadda ke siffanta lanƙwasasshen layi da 'yan ɗigogi ƙalilan. Da zarar siffa ta zama ɗigogi, ɗigo kuwa adadi ne, to na'ura tana iya tura shi daga wani muhalli zuwa wani sannu a hankali, ta cike tsakani da kanta. A bisa wannan tunani Nestor Burtnyk da Marceli Wein suka yi aiki a Majalisar Bincike ta Kanada, har Peter Foldes ya yi amfani da na'urarsu ya shirya fim ɗin Hunger, wanda ya ci lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes a 1974.

Sai dai akwai mas'ala guda wadda, a ganina, ita ce ruhin al'amarin baki ɗaya: na'ura ba ta san wane ɗigo ne ya dace da wane ba. A tsarin Kanada, jerin da mai zane ya bi wajen jan layukansa shi ke hukunta wannan, layin farko na wannan zane ya nufi layin farko na wancan.

Da kamfanin Macromedia ya sayi manhajar FutureSplash a 1996 ya raɗa mata suna Flash, kana Flash 3 ya zo da rikiɗar siffa a 1998, sai fannin ya shiga hannun talaka, amma mas'alar ta biyo shi. Duk wanda ya taɓa umartar harafi ya koma tsuntsu ya ga yadda siffar kan murɗe a tsakiya kamar ƙullin fulawa. Maganin da aka tanada shi ne 'yan alamomi masu ɗauke da haruffa daga a zuwa z, guda 26, waɗanda mai zane ke dasawa a gefen siffofin biyu: rawaya a ta farko, kore a ta ƙarshe, ja kuma idan alamar ba ta hau kan layi ba. An sauya wa manhajar suna zuwa Adobe Animate a 2016, alamomin kuwa ba su gushe ba.

Ya kai mai koyo, idan ka zo dasa su, ka faro daga kusurwar sama ta hagu, ka bi da su bi da bi, kada ka tsallake ko ɗaya.