Ekklesiyar da Ta Ƙi Ramuwa

Mai karatu, ranar 17 ga Maris 1923 ne wasu 'yan mishan daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Mafarin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ke nan. Tushen ɗarikar daga Jamus yake, tun 1708, kuma aƙidarta ita ce Almasihu ya hana mabiyansa yaƙi da ramuwar gayya.

Jarrabawa ta zo a 2014. Akasarin 'yan matan Chibok da aka sace 'ya'yanta ne, sannan a Oktoba Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Duk da haka shugabanninta ba su ce a rama ba. Wani ma'aikacinta ma, Markus Gamache, shi ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda aka zaunar da 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi wuri ɗaya.

Ran wuya ake sanin mai aƙida.