Blackphone a Hannun Masu Kutse

A watan Yunin 2014, shekara guda bayan Edward Snowden ya tona asirin leƙen da hukumar NSA ta Amurka ke yi wa jama'a, wayar Blackphone ta shiga kasuwa a kan dala 629. Kamfanin Silent Circle, wanda Phil Zimmermann mai manhajar PGP yake cikin waɗanda suka kafa shi, ya haɗa gwiwa da Geeksphone na Sifaniya suka ƙera ta a kan tsarin Android, da alkawarin rufa wa mai ita asiri.

Bayan wata biyu, a taron masu kutse na DEF CON a Las Vegas, Jon Sawyer ya ƙwace cikakken iko da tsarin wayar. Jaridu suka yayata cewa a minti biyar ya gama. Abin bai kai yadda aka zuzuta shi ba: sai wayar tana hannunsa, a buɗe, sannan ya sake kunna ADB, ƙofar da masu haɗa manhaja ke bi ta kebul. Ɗaya daga cikin ɓarakar da ya bi ma kamfanin ya riga ya toshe ta, wayar ce ba a sabunta ba. Duk da haka, a watan Satumba kamfanin ya fara biyan lada ga duk wanda ya gano masa ɓaraka.

Mummunar ɓarakar kuwa sai a Janairun 2015 ta fito fili. Mark Dowd ya nuna cewa saƙo guda ta manhajar Silent Text ya isa a karanta wasiƙun mai wayar daga nesa, ba a ko taɓa ta ba. Kamfanin ya toshe ta kafin a sanar.