Tarihin Rabon Kek ɗin Laba: Daga Sikeli zuwa Gwangwani

Kek ɗin laba, wanda ake haɗawa da laba guda ta fulawa, da laba guda ta man shanu, da laba guda ta sukari, da kuma laba guda ta ƙwai, yana cikin tsofaffin kayan gashi na arewacin Turai, kuma tun ƙarni na 18 ya zauna daram a gidajen Ingila. Laba ma'aunin nauyi ce ta Turawan Ingila wadda ta kai kusan giram 454, saboda haka kayan huɗu idan sun haɗu sukan ba da kwaɓin da ya ɗan haura kilo ɗaya da giram 800. Marubutan littattafan girki na farko sun ƙayyade abin da za a zuba a kwano dalla-dalla, amma ba su damu da faɗin yawan mutanen da kek ɗin zai isa ba, ballantana kaurin yankan da za a miƙa wa kowa. Wannan tambaya daga baya ta taso, kuma amsarta ta yi ta sauyawa gwargwadon tsadar sukari, da girman iyali, da siffar gwangwanin gashi.

Littafin girki da Hannah Glasse ta buga a Landan a 1747 ya nuna irin wahalar da ke cikin aikin a wancan zamani. Mai girki za ta buga man shanu da tafin hannunta a cikin kaskon yumɓu har ya yi laushi, ta kawo ƙwai goma sha biyu waɗanda aka rage rabin farin ruwansu, ta zuba fulawa da sukari da ɗan kayan ƙamshi, sannan ta ci gaba da bugawa tsawon awa guda da hannu ko da babban cokalin katako kafin a kai wuta. Bugun nan ba na al'ada kawai ba ne, domin a lokacin babu hodar da ke sa kwaɓi ya tashi, iskar da aka cusa da ƙarfin damtse ita kaɗai ke ɗaga shi. Abin da ke fitowa daga tanderu kek ne mai nauyi, mai ƙananan huji a ciki, wanda wuƙa ke ratsawa ba tare da ya dagargaje ba, kuma saboda yawan mai da sukarin da ke jikinsa yakan yi kwanaki bai lalace ba. Waɗannan siffofi biyu, wato jure wa wuƙa da jure wa ajiya, su ne suka tsara yadda ake rabonsa: ana yanka shi siri-siri a ci da shayi ko wani abin sha, a mayar da sauran ma'ajiya, gobe a sake ɗaukowa.

Dalilin tsumulmular ba ɓoyayye ba ne. Sukarin da ake ci a Ingila a ƙarni na 18 yana zuwa ne daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan, inda bayin da aka kwaso daga Afirka ke nomansa, kuma ana sayar da shi a dunƙule mai tsini, sai an fasa an daka an tankaɗe kafin ya shiga kwaɓi. Gwamnatin Birtaniya ba ta janye harajin da ke kansa ba sai a 1874. Gidan da zai iya zuba laba guda ta sukari a kek ɗaya gida ne na masu hali, mai yara da baƙi da barori, kuma a irin wannan gida uwargida ce ke riƙe da wuƙa, ita ce ke duban fuskokin da ke zaune ta san inda za ta ɗora ta. Lissafin rabon yana kanta, babu buƙatar a rubuta shi a littafi.

Faransawa sun bi wata hanya wadda za a iya cewa ta fi ta Ingila dabara. A yankin Bretagne da ke arewa maso yammacin ƙasar, inda man shanu ke da yawa, ana fara ɗora ƙwai a sikeli, sannan a auna fulawa da sukari da mai kowanne daidai da nauyin ƙwan. Da yake ƙwai matsakaici bai wuce giram 50 zuwa 60 ba, ƙwai uku sukan ba da kwaɓin da ya kai giram 600 zuwa 700, wanda zai ishi ƙaramin iyali, idan kuma baƙi sun ƙaru sai a ƙara ƙwai, sauran kayan su bi sahu. Ta haka aka warware matsalar rabo tun kafin a hura wuta, maimakon a bar ta sai an zo kan tebur.

A Amurka, Amelia Simmons ta saka wannan kek a littafinta na 1796, wanda aka buga a Hartford, inda ta daidaita laba guda ta ƙwai da ƙwai goma, ta kuma ƙara ruwan fure don ƙamshi. Kek ɗin ya samu karɓuwa musamman a jihohin kudu, inda mata baƙar fata, bayi da 'yantattu, ke yawan ɗaukar nauyin bugun. Abby Fisher, wadda aka haifa cikin bauta kuma ba ta iya karatu da rubutu ba, ta shifta wa wasu girke-girkenta aka buga a San Francisco a 1881, kuma wannan kek yana ciki. Sai dai a ƙarni na 19 ne aka fara warware tsohon ma'aunin. Alfred Bird ya haɗa hodar tashi a Birmingham a 1843, Eben Horsford ya sami rajistar tasa dabarar a Amurka a 1856, sannan littafin Fannie Farmer na 1896 ya yaɗa awo da kofi da cokali a shafe, ba da tozo ba. Daga nan aka fara rage ƙwai da mai, ana ƙara madara da hoda, kek ɗin ya ƙara laushi da tashi, kuma yankan da a da zai iya zama siriri ya zama dole ya yi kauri don kada ya karye a hannu.

Abin da ya ƙwace hukuncin rabo daga hannun uwargida shi ne gwangwanin da masana'antu suka riƙa ƙerawa bai ɗaya. Dogon gwangwani irin na burodi, mai tsawon inci 9 da faɗin inci 5, kimanin santimita 23 da 13 ke nan, ya mayar da lissafin abu mai sauƙi: idan aka yanka kauri inci guda za a sami yanka tara, idan aka rage zuwa kashi uku cikin huɗu na inci za a sami goma sha biyu, kuma cikakken kwaɓin laba huɗu yakan cika irin wannan gwangwani biyu, wato rabon kimanin mutum ashirin. Akwai kuma gwangwani mai zagaye da bututu a tsakiya, wanda amfaninsa shi ne zafi ya ratsa cikin kwaɓi mai nauyi kafin gefe ya ƙone, kuma mai faɗin inci 10 yakan ba da yanka goma sha biyu zuwa sha shida. A 1950 kamfanin Nordic Ware da ke Minneapolis ya fito da samfurin Bundt mai ƙira layi-layi a jiki, wanda ya yi kasuwa sosai bayan gasar gashi ta Pillsbury ta 1966, kuma mutane da yawa sun mayar da layukan nan jagorar wuƙa. A shekarun 1950 ɗin ne kuma kamfanin Sara Lee na Chicago ya riƙa sayar da ƙaramin kek ɗin a daskare cikin kwanon alminiyam, abin da ya dace da ƙananan gidajen da suka maye gurbin manyan gidaje na da.

Masu dafa abincin biki, waɗanda kuɗinsu ya rataya a kan ƙidayar kai, su suka kai lissafin ƙarshe. A ƙa'idar da ta yaɗu tsakaninsu a Amurka, rabon mutum ɗaya a ɗaurin aure yanki ne mai inci ɗaya a faɗi da biyu a tsawo, na sauran walima kuwa inci ɗaya da rabi da biyu, bisa hujjar cewa baƙon biki ya riga ya ƙoshi da abinci. Kamar yadda mahauci ke kasa naman watanda gwargwadon waɗanda suka zuba kuɗi, haka mai kek ke fara ƙirga baƙi sannan ya zaɓi gwangwani, abin da ya juya tsohon tsarin Glasse gaba ɗaya, inda ake fara gasa laba huɗu sannan a ga wanda Allah ya kawo.

Yadda ake yankan kansa bai sauya sosai ba. Ana barin kek ɗin ya huce sarai, domin man da ke ciki sai ya daskare yake riƙe jiki, a yi amfani da doguwar wuƙa mai haƙora ana ja ana turawa ba tare da dannawa ba, a fara raba shi biyu, kowane rabi a sake raba shi biyu, saboda ido ya fi iya gano tsakiya fiye da ƙiyasta kashi ɗaya cikin goma sha biyu daga gefe. Matsalar da ta rage ita ce bushewar fuskar da aka yanka, kuma ita ce ta ja hankalin masanin ƙididdiga Francis Galton, wanda ya aika wa mujallar kimiyya ta Nature gajeriyar wasiƙa a watan Disamba na 1906 game da yankan kek mai zagaye. Ya soki cire yanki mai tsini daga gefe, ya ba da shawarar a cire dogon yanki daga tsakiya, a matso ɓangarorin biyu su haɗu, a ɗaure su da roba, washegari a yanka ta gicciye a sake matsowa. Dabarar ba ta yi tasiri a kan masu kek mai ado ba, tun da tana ɓata kwalliyar sama, amma ta dace da dogon kek ɗin laba wanda ba a shafa masa komai, kuma har yanzu akwai masu gashi da ke fara yankansa daga tsakiya su haɗe sauran kafin su naɗe.