Yadda Caca Ta Ruguza Gasar StarCraft A Koriya Ta Kudu

Yau Koriya ta Kudu muka nufa.

A 1997 tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, mutane da yawa suka rasa aiki. Wasu suka buɗe shagunan kwamfuta da ake kira PC bang, inda kake biyan kuɗin awa ka buga gem. Gwamnati kuma tana ta shimfiɗa intanet mai sauri. A 1998 sai kamfanin Blizzard ya fitar da StarCraft, matasa suka rungume shi. A 2000 aka kafa hukumar KeSPA, tashoshin talabijin suka riƙa nuna gasa kai tsaye, 'yan wasa suka zama taurari masu albashi.

To, daga nan matsala biyu suka taso. Ta farko jaraba. A 2005 wani matashi ya rasu a birnin Daegu bayan ya shafe kusan awa 50 a gaban kwamfuta. A 2011 gwamnati ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 buga gem ta intanet daga sha biyun dare zuwa shidan safe. Yaran fa sai suka koma shiga da lambar shaidar iyayensu, wasannin waya kuma dokar ba ta taɓa su ba. A 2021 aka soke ta.

Ta biyun ita ce caca, kuma ita ta ruguza gasar. A 2010 aka gano 'yan caca na biyan 'yan wasa su faɗi da gangan. Aka kori goma sha ɗaya, har da Ma Jae-yoon, gwarzon zamaninsa da ya zama dillali. A 2016 aka kama Lee Seung-hyun, zakaran duniya na StarCraft II a 2014, yana ɗan shekara 19, kan karɓar won miliyan 70 don ya faɗi wasa biyu. Kafin shekarar ta ƙare aka rufe gasar Proleague gaba ɗaya.

Ku duba fa: hukuma ta tsaya ƙidaya awannin yara, masu kuɗin caca kuwa suna shiga ta bayan gida. Yaron da ya bar karatu don gem, ya kuma san tauraronsa ba ya daɗewa, sayensa ba wuya. Mu da caca ta shigo wayoyin ƙannenmu, wa ke sa ido kan masu zuba kuɗin? Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.