Yadda Aka Buɗe Taskar Takardun Hukuma

Tun zamanin da, al'adar masu mulki ce su ɗauki takardun hukuma tamkar dukiyar gado, su kulle su a taska, talaka kuwa, ko da a kan ruwan rijiyarsa aka yi rubutun, ba shi da ikon neman ya gani. Ƙasar Suwidin ce ta fara karya wannan al'ada a 1766, bisa himmar wani malamin coci, Anders Chydenius. Sai bayan shekara 200, a 1966, Amurka ta kafa tata dokar, wadda ta wajabta wa ma'aikatun tarayya su miƙa takarda ga duk wanda ya nema, in ban da 'yan takardun da aka keɓe.

Amma musiba ce ta haɗa wannan haƙƙi da sha'anin muhalli. A daren 2 ga Disamba 1984, iska mai guba ta ɓalle daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a birnin Bhopal na Indiya, ta bi unguwannin talakawa suna barci, mutane suka farka idanu na zafi, numfashi na yankewa, dubbai suka halaka, alhali yawancinsu ba su taɓa sanin abin da aka tara kusa da gidajensu ba. Da aka sake samun yoyon guba a wata masana'antar kamfanin a West Virginia cikin 1985, sai majalisar Amurka ta yi doka a 1986, ta tilasta wa masana'antu su bayyana kowace shekara adadin gubar da suke zubarwa a ruwa da ƙasa da iska, hukuma kuma ta shelanta wa jama'a. Daga nan ƙungiyoyin kare muhalli suka sami hujja a rubuce, wadda ta fi ƙorafin baki nauyi a gaban alƙali.

A Nijeriya, inda dokar asirin gwamnati ta 1962 ta daɗe tana rufe bakin ma'aikata, an yi shekaru ana kai-komo a majalisa kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar 'yancin samun bayanai ranar 28 ga Mayu 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa, ba ta kuma ɗora wa mai nema faɗin dalilinsa ba.

Saboda haka, wanda ake haƙar ma'adinai ko zubar da dagwalo kusa da gonarsa, ya rubuta wa hukuma takardar neman bayani, ya riƙe kwafi, in an hana shi ya garzaya kotu.